Tarken Bayanin Manufa: Manufar ECOWAS a Ma'aunin Zangon Kwatano

Tsakure

Wannan takarda ta ɗauki bayanin manufa a matsayin matani, ta yi masa tarke da kayan aikin da ɗalibin Hausa ya saba da su, wato jigo da zubi da tsari da salo. Matanin da aka zaɓa shi ne sashe na 3 na yarjejeniyar Ƙungiyar Raya Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, ECOWAS ko CEDEAO, wadda aka sabunta a birnin Cotonou a 1993. An auna shi da rayuwar 'yan kasuwar unguwar Zango ta wannan birni. Takardar ta nuna cewa ingancin bayanin manufa ba ya ga daɗin kalmominsa, yana ga ko mutumin da aka ambata a ciki zai iya gane ranar da aka saɓa masa.

1.0 Gabatarwa

Da wuya a yau a shiga banki ko jami'a ko ofishin wata ƙungiya ba a tarar da allo rataye a bango ba, ɗauke da jimla ɗaya ko biyu masu bayyana dalilin kafa wurin. Wannan shi ake kira bayanin manufa. Mafi yawan masu shiga ba sa karanta shi, waɗanda suka karanta kuma ba sa tambayar ko yana da kyau ko ba shi da shi. Ga ɗalibin harshe wannan sakaci ne, domin sau da yawa shi ne za a miƙa wa irin wannan jimla a ce ya fassara ta zuwa Hausa, ko ya karanta ta a gidan rediyo, ko ma ya tsara wa ƙungiyar garinsu irinta.

Manufar wannan takarda ita ce ta nuna yadda ake tarken irin wannan gajeren matani. Ba tarihin ECOWAS aka sa gaba ba, ba kuma siyasarta ba. An kawo tarihi ne gwargwadon abin da zai taimaka a gane nauyin kalmomi. An zaɓi birnin Cotonou, wanda Hausawa ke kira Kwatano, saboda dalilai biyu. Na farko, a nan aka sa wa matanin hannu. Na biyu, a nan akwai al'ummar da abincinta ya dogara kacokan ga cikar abin da matanin ya faɗa.

2.0 Ma'anar Bayanin Manufa

Bayanin manufa gajeren zance ne da ƙungiya ke yi a rubuce don ta faɗi abin da take yi, da wanda take yi domin sa, da inda ta dosa. Masana harkar gudanarwa ne suka fara ba shi muhimmanci. Drucker (1973) ya nace cewa kowace ma'aikata sai ta fara tantance mene ne ainihin aikinta kafin ta tsara komai. Pearce da David (1987) sun jero abubuwa takwas da suke ganin ya kamata a samu a ciki, kamar abokan hulɗa da irin hajar da ake samarwa da yankin da ake aiki da aƙidar ma'aikatar. Ta fuskar harshe kuwa, Swales da Rogers (1995) sun nazarci irin waɗannan matanoni a matsayin nau'in rubutu mai zaman kansa, suka nuna yadda ake sarrafa harshe a cikinsu don a jawo ma'aikaci ya ji shi ma da shi ake.

Jerin Pearce da David yana da amfani, sai dai bai wadatar ba. Matani na iya cika duk sharuɗɗan takwas amma ya tashi bai ɗaure kowa ba. A nan ne sanin adabin baka zai taimaki ɗalibi. Bahaushe ya san take, ya san kirari, ya kuma san alkawari. Take yana sanar da wanda ya iso. Kirari yana kambama shi, ba kuma wanda ke tsayar da mai kirari ya ce ya kawo hujja. Alkawari kuwa kaya ne, in ji masu iya magana, domin akwai ranar da za a zo a ce a sauke. Bayanin manufa nagari dangin alkawari ne. Babbar cutar da ke kama shi ita ce ya rikiɗe ya koma kirari.

2.1 Ma'aunan Tarke

Bisa wannan fahimta, an yi amfani da tambayoyi biyar:

i. Shin jigon ya dace da aikin da ƙungiyar ke yi a zahiri?
ii. Shin an jera buƙatu ta yadda za a san wadda ke gaba idan biyu suka yi karo?
iii. Wane ne aikau, wane ne karɓau, kuma wane irin aikatau aka zaɓa?
iv. Da wane harshe aka yi maganar, wa kuma zai ji ta?
v. Shin wanda aka yi wa alkawarin yana da hanyar gane an saɓa, da wurin kai kuka?

3.0 Zangon Kwatano

Asalin kalmar zango shi ne wurin da ayarin fatake ke sauka su kwana. Adamu (1978) da Lovejoy (1980) sun nuna yadda fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ya haifar da unguwannin baƙi a kan hanya, har da garuruwan da yau ke arewacin Benin, irin su Nikki da Parakou da Djougou. Da kasuwanci ya karkata zuwa bakin teku a zamanin Turawa, sai zanguna suka bi shi. Zangon Kwatano yana tsakiyar birni, ba shi da nisa da tashar jiragen ruwa, kuma babban masallacinsa na cikin sanannun masallatan garin. Hausawa da sauran Musulmi daga arewacin Benin da Nijar da Nijeriya suna zaune a ciki, ana jin Hausa a bakin masu shaguna da dillalai da direbobi.

Abin lura game da wannan unguwa shi ne hanyoyi biyu ne ke ciyar da ita, kuma kowace tana ƙarewa a bakin iyaka. Ɗaya ta yi gabas zuwa Seme, ta shiga Legas. Ɗayar ta yi arewa fiye da kilomita 700, ta bi ta Parakou zuwa Malanville, ta haye gadar kogin Kwara zuwa Gaya a Nijar, daga nan kaya su wuce Dosso da Yamai ko Ƙonni da Maraɗi. Nijar ba ta da teku, don haka shekara da shekaru kafin 2023 kaso mai yawa na kayan da take shigowa da su ta tashar Kwatano suka riƙa bi. Ta wannan hanyar kuma albasa da dabbobi ke gangarowa kudu. Ga mutumin Zango, haɗin kan Afirka ta Yamma ba zancen taro ba ne. Tambaya ce ta kullum: mota za ta wuce ko ba za ta wuce ba?

4.0 Matanin da Ake Tarke

An kafa ECOWAS a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, bisa ƙoƙarin Janar Yakubu Gowon na Nijeriya da Gnassingbé Eyadéma na Togo. Ranar 24 ga Yuli 1993 shugabannin ƙasashen suka sa hannu kan sabuntacciyar yarjejeniya a Kwatano, zamanin Shugaba Nicéphore Soglo. Sakin layi na farko na sashe na 3 shi ne ke zaman bayanin manufar ƙungiyar. Ga ma'anarsa da Hausa, an bi tsarin jimlar asali da gangan don a ga yadda aka gina ta:

Manufar Ƙungiya ita ce haɓaka haɗin gwiwa da dunƙulewa, abin da zai kai ga kafuwar tarayyar tattalin arziki a Afirka ta Yamma, domin ɗaga matsayin rayuwar al'ummominta, da kiyayewa tare da ƙara daidaituwar tattalin arziki, da ƙarfafa dangantaka tsakanin ƙasashe mambobi, da ba da gudummawa ga ci gaba da bunƙasar nahiyar Afirka.

Bayan wannan akwai sakin layi na biyu mai jero matakan da za a bi. Daga baya kuma ƙungiyar ta fitar da bayanan hangen nesa guda biyu. Na 2007, mai wa'adin 2020, ya yi kiran a tashi daga ECOWAS ta gwamnatoci zuwa ECOWAS ta al'umma. Na Disamba 2021, mai wa'adin 2050, ya maimaita zancen ECOWAS ta al'umma, ya ƙara da zaman lafiya da wadata ga kowa. Za a riƙa waiwayar waɗannan biyu inda suka haskaka matanin 1993.

5.0 Tarke

5.1 Jigo

Babban jigon matanin a fili yake: dunƙulewar tattalin arziki domin kyautata rayuwar jama'a. Wannan abin yabo ne. Matanin ya faɗi yankin da yake nufi, ya faɗi hanya, ya faɗi dalili. Mai karatu ba zai ɗauka ƙungiyar wasanni ko ta addini ce ba.

Rauninsa yana ga abin da ya bari. Babu kalmar zaman lafiya ko tsaro ko dimokuraɗiyya a cikin jimlar. Alhali a ranar da aka sa mata hannu, dakarun ECOMOG sun kusan cika shekara uku a Laberiya, tun Agusta 1990, kuma kashegari, 25 ga Yuli 1993, a wannan birni na Kwatano aka ƙulla yarjejeniyar sulhu tsakanin ɓangarorin yaƙin Laberiya. Gaskiya ne an yi zancen dimokuraɗiyya a sashe na 4, an yi na tsaro a sashe na 58. Amma jimlar da aka ɗora wa nauyin faɗin dalilin zaman ƙungiyar ta yi shiru kan aikin da ya fi cin kuɗinta da rayukan sojojinta a lokacin. A ma'auni na farko ke nan, jigon daidai ne amma bai game ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗalibi zai iya yi a nan, wato gwajin korewa. A kore kowace ganga a ga ko akwai ƙungiyar da za ta yarda da korarren zancen. Ba ƙungiyar da za ta ce ba ta son ƙarfafa dangantaka, ko ba ta son ci gaban Afirka. Gangar da ba mai musa ta ba ta bambanta ƙungiya da kowa ba. Ganga ɗaya ce ta tsallake wannan gwaji, ita ce ta kafa tarayyar tattalin arziki, domin ƙasa na iya cewa ba ta so, tunda hakan na nufin ta saki wani ɓangare na ikonta kan kuɗin fito da kuɗin kashewa. Wannan ganga ita ce ƙashin bayan matanin. Sauran ado ne.

5.2 Zubi da Tsari

Matanin jimla ɗaya ce tal, mai kalmomi fiye da 50 a Ingilishi. Rabin farko yana da tsari mai kyau, domin kowane mataki na kaiwa ga na gaba: haɗin gwiwa ya haifi tarayya, tarayya ta ɗaga rayuwar jama'a. Da an tsaya nan da an sami jimla mai kai da gindi. Sai aka ci gaba da jero wasu buƙatu uku da mahaɗin "da". Aikin wannan mahaɗi shi ne daidaita abubuwa, ba ya fifita wani kan wani. Sakamakon haka mai karatu ba zai san wace buƙata za a riƙe ba idan tilas ta sa a saki ɗaya.

Wannan ba aibin nahawu kaɗai ba ne. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar. Ranar 30 ga watan ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi: rufe iyakokin ƙasa da na sama, da dakatar da hulɗar ciniki da ta kuɗi. Ƙungiyar tana da madogara, domin ƙa'idar dimokuraɗiyya da kyakkyawan mulki ta 2001 ta haramta karɓar mulki da ƙarfi. Amma gadar Malanville ta rufu, manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, mutane suka koma haye kogi da kwalekwale, kayan Nijar suka karkata zuwa tashar Lome ta hanyar Burkina Faso. Buƙatu biyu na ƙungiya ɗaya suka yi karo: kare mulkin farar hula da kare abincin talaka. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukunci kan wanda ya fi gaskiya. Abin da tarke ya gano shi ne matanin bai tanadi amsa ba. Ɗaya buƙatar ba ta ma cikin jimlar, ɗayar kuma ba a ce ita ce gaba da komai ba.

5.3 Salo da Sarrafa Harshe

(a) Aikau da karɓau. Gabatarwar yarjejeniyar ta buɗe da wakilin suna "mu", ta kuma fayyace su wane ne: shugabannin ƙasashe da gwamnatoci. Hausa ba ta da siga dabam ta "mu" mai haɗawa da mai sauraro da "mu" mai ware shi, sai yanayin magana ya nuna. A nan an ware shi. A jimlar manufa kuwa jama'a ba su bayyana ba sai bayan kalmomi kusan 30, kuma sun zo ne a matsayin abin mallaka: al'ummominta. Ɗafa-ƙeyar "-nta" ta mayar da su na ƙungiya, maimakon ƙungiya ta zama tasu. Ba su aikata komai a jimlar ba, ana aikata musu ne. Taken 2007 amincewa ne da wannan rauni, domin ya juya mallakar: ECOWAS ta al'umma. Maimaita wannan take a 2021, bayan wa'adin 2020 ya wuce, shi kansa shaida ne cewa juyin ya tsaya a nahawu.

(b) Zaɓin aikatau. Aikatau shida ke ɗauke da jimlar: haɓaka, ɗaga, kiyaye, ƙara, ƙarfafa, ba da gudummawa. A gwada kowanne da "gama". Bahaushe zai ce an gama gina gada, ko an gama sauke kaya, amma zai ji banbaraƙwai a ce an gama ƙarfafa dangantaka. Aikatau ne marasa tuƙewa. Wanda ya yi alkawari da irinsu ba ya taɓa saɓawa, domin ko taro ɗaya ya kira zai ce ya haɓaka. Aiki ɗaya ne a jimlar yake da ƙarshe, shi ne kafawa, shi ma ba a bar shi a matsayin aikatau ba, an mayar da shi suna: kafuwar tarayya. Da zarar aikatau ya koma suna, sai aikau da lokaci su ɓace. Ba a ce wa zai kafa ba, ba a ce yaushe ba.

(c) Tarkon mai fassara. Hausa tana da zagin aikatau na ɓoye: a, an, ana, za a. Mai fassara da ya tarar da sunayen aiki jere yakan tsere zuwa gare shi, ya ce za a haɓaka, za a ƙarfafa. Fassarar za ta yi daɗin ji, amma ta ƙara lulluɓe mai alhaki. Mutumin Zango ya san bambancin "za a biya ka" da "zan biya ka ran Juma'a". Na farko sallama ce, na biyu bashi ne. Wajibi ne ɗalibi ya lura da wannan, kada ya ƙara wa matani duhun da ba shi da shi, kada kuma ya ɗora masa alkawarin da bai yi ba.

5.4 Harshen Isar da Saƙo

Sashe na 87 na yarjejeniyar ya ce harsunan hukuma na ƙungiyar su ne duk harsunan Afirka ta Yamma da taron shugabanni ya ayyana, tare da Ingilishi da Faransanci da Fotugis. Ya kuma ce harsunan aiki su ne waɗannan uku na Turai. A lura da yadda aka gina sashen. Harsunan Turai an kira su da sunansu, harsunan gida kuwa an rataya su ga wata ayyanawa ta gaba, ba a ambaci ko ɗaya ba. A aikace da harsunan ukun ake fitar da takardun ƙungiyar.

A kasuwannin Kwatano ana ciniki da Fon da Yarabanci da Hausa da Dendi, ban da Faransanci. Hausa kuwa ita ce ke haɗa dillalin Zango da abokin cinikinsa na Maraɗi ko Kano, kuma a Maris 2025 Nijar ta ayyana ta a matsayin harshen ƙasa. Bayanin manufar da ke cewa na al'umma ne, amma sai wanda ya yi boko mai zurfi zai karanta shi, ya faɗi a ma'auni na huɗu. Alkawarin da mai shi bai ji ba, ba zai zo neman cikawa ba.

5.5 Faɗa da Cikawa

Adalcin tarke ya wajabta a faɗi cewa inda jimlar manufa ta yi sako-sako, wasu sassan sun ɗaure. Sakin layi na biyu na sashe na 3 ya ambaci kawar da shingayen da ke hana zirga-zirgar mutane da kaya da jari. Sashe na 59 ya ba ɗan ƙungiya haƙƙin shiga da zama da kafa sana'a. Sashe na 35 ya sa wa'adin shekara 10 daga 1 ga Janairu 1990 don kafa tarayyar kwastan, sashe na 54 kuma ya sa shekara 15 don tarayyar tattalin arziki. Waɗannan aikatau ne masu tuƙewa, kuma saboda haka ne ake iya auna su. Kuɗin fito na bai ɗaya bai fara aiki ba sai Janairu 2015. Kuɗin bai ɗaya mai suna Eco, bayan ɗage-ɗage, an sa masa 2020, sannan a 2021 aka mayar da shi 2027. Wannan jinkiri abin zargi ne ga ƙungiyar, amma abin yabo ne ga rubutun, domin rubutun ne ya ba da igiyar da aka auna jinkirin da ita.

Akwai kuma abin da aka cika. Ƙa'idar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ƙasar ya zauna har kwana 90 ba biza. Ɗan Katsina ko ɗan Tawa da ke sauka Zango ya amfana da wannan ko bai taɓa jin sunan sashe na 3 ba.

Sai dai tarihin iyakar Seme ya nuna iyakar alkawarin. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga 1984 zuwa 1986. Ta rufe ta Benin na ɗan lokaci a Agusta 2003. A Oktoba 2018 shugabannin ƙasashen biyu, Muhammadu Buhari da Patrice Talon, suka buɗe ofishin iyaka na haɗin gwiwa a Seme-Krake, amma a Agusta 2019 Nijeriya ta sake rufewa, tana kukan fasa-ƙwaurin shinkafa da fetur, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Rufewar 2003 ce ta fi ba da darasi. Wani ɗan kasuwa ɗan Nijeriya, Olajide Afolabi, ya kai ƙarar gwamnatinsa kotun ECOWAS kan asarar da ya yi. A 2004 kotun ta kori ƙarar, ba don ta ce ba a cuce shi ba, sai don dokar lokacin ba ta ba mutum ɗaya damar shigar da ƙara ba. A 2005 aka gyara dokar, aka buɗe wa ɗaiɗaikun mutane ƙofa kan take haƙƙin ɗan Adam. Wannan shari'a ita ce fassarar "-nta" a aikace: an ambaci mutum a manufa, amma da ya zo da kansa aka ce ba da shi aka yi maganar ba.

An ɗage takunkumin Nijar ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar kuwa ta ci gaba da rufe nata a wannan shekara bisa dalilin tsaro. Ranar 29 ga Janairu 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata, mambobi suka ragu daga 15 zuwa 12. A ranar ce ECOWAS ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan waɗannan ƙasashe masu tambarinta, su ci gaba da shiga ba biza, kayansu kuma su ci gaba da cin sassaucin ciniki har zuwa wani lokaci. A wannan sanarwa an raba al'umma da gwamnatocinsu, aka fifita al'umma. Fifikon da jimlar 1993 ta kasa faɗa, tilas ta sa aka faɗe shi bayan shekara 31 da 'yan watanni.

6.0 Gwajin Sake Rubutu

Hanya mafi kyau ta gane raunin matani ita ce a gwada gyara shi. Ga misali da aka tsara don aji kawai:

Mu ƙasashen ECOWAS mun yi wa kowane ɗan yankin nan alkawari zai shiga kowace ƙasa tamu da kansa da hajarsa ta halal, ba biza, ba kuɗin fito. Saɓanin shugabanni ba zai sa mu rufe masa iyaka ba. Wanda muka tauye, ya kai mu kotu.

Wannan yana da aikau sananne, da karɓau guda, da aikatau masu tuƙewa, da fifiko, da wurin kai kuka. Dillali a Zango zai ji shi sau ɗaya ya riƙe. Amma shi ma yana da nasa aibin. Ya ƙuntata aikin ƙungiyar ga iyaka, ya bar lantarki da noma da lafiya. Ya kuma ƙwace wa ƙungiyar babban makamin da take tsorata masu juyin mulki da shi, ya hana ƙasa kare manomanta daga fasa-ƙwauri ta hanyar rufe iyaka. Da wuya shugabanni 16 da ke ƙungiyar a 1993 su yarda su sa masa hannu. Daga nan ɗalibi zai gane cewa sako-sakon matanin asali ba rashin iya rubutu ba ne. Farashin samun sa hannun kowa ne. Mai tarke ya san wannan uzuri, ya faɗe shi, amma kada ya bari ya hana shi kiran rauni da sunansa.

7.0 Kammalawa

An auna bayanin manufar ECOWAS da tambayoyi biyar. Jigonsa bayyananne ne amma ya bar tsaro da mulki a waje. Zubinsa ya fara da kyau, ya ƙare da jeri marar fifiko. Salonsa ya ɓoye aikau, ya mayar da jama'a abin mallaka, ya dogara ga aikatau marasa tuƙewa. Harshensa bai kai ga mafi yawan waɗanda yake magana a kansu ba. Ƙarfinsa yana ga ganga ɗaya, ta kafa tarayya, da sassan da suka sa mata wa'adi. Hukuncin tarke shi ne matani ne matsakaici: ya fi kirari nauyi, bai kai cikakken alkawari ba.

Ana son ɗalibi ya ɗauki bayanin manufar jami'arsu ko na wata ƙungiya a garinsu, ya fassara shi zuwa Hausa ba tare da amfani da "za a" ba, ya yi masa gwajin korewa da gwajin "gama", sannan ya karanta wa wani da abin ya shafa wanda bai yi boko ba, ya tambaye shi abin da aka yi masa alkawari da yadda zai gane idan an saɓa. Amsar da ya samu ita ce makin matanin.